Babi na Biyar: Farantin da Asid Ya Ci

A shekarar 1967 wani malamin zane a kwalejin St. Gregory da ke Legas ya lalata farantinsa na buga hoto. Sunansa Bruce Onobrakpeya, mutumin Agbarha-Otor ne a ƙasar Urhobo, kuma a lokacin bai haura shekara 35 ba. Aikin da ya sa a gaba sananne ne wurin masu wannan sana'a. Ana samun farantin tutiya a shafe fuskarsa da kaki, a ɗauki allura a yi zane a kan kakin har ƙarfen ya leƙo, sannan a tsoma farantin cikin asid. Asid ba ya taɓa inda kaki ya rufe, layukan da allura ta buɗe kawai yake bi yana ƙwaƙulewa. Idan an wanke farantin sai a cusa tawada cikin ramukan, a goge samansa tas, a ɗora takarda mai ɗan damshi, a tura su cikin injin matsa. Takardar ita ke zuƙo tawadar daga ramukan, hoto ya fito.

Asid ɗin da aka saba sa wa tutiya shi ne nitirik. Wanda ya shiga hannun Onobrakpeya a ranar kuwa haidirokulorik ne, ya kuma ci farantin cin da ya wuce kima. Farantin tutiya ba abin da malamin makaranta zai jefar cikin sauƙi ba ne a Legas ta wancan zamani, don haka ya nemo Araldite, gam ɗin nan mai bututu biyu da ake gaurayawa, ya cike inda ya ɓurme. Da gam ya bushe bai kwanta daidai da ƙarfen ba, ya yi tudu a wani wuri, ya yi kwari a wani. Ya dai shafa tawada ya buga don ya ga abin da zai fito. Takardar ta fito da tudu da kwari irin wanda yatsa ke iya bi, layukan sun yi kauri da zurfin da allura da asid ba su taɓa ba shi ba.

Daga nan ya juya aikin gaba ɗaya. Ya riƙa malala gam a kan faranti da gangan, ya sassaƙa shi bayan ya bushe, ya buga. Ya sa wa hanyar suna filastogiraf, kuma da ita duniya ta san shi. Tun kafin wannan ma, tsofaffin allunan linoliyam da ya gama buga hoto da su bai zubar ba, ya jera su a kan katako ya yi musu shafen launin tagulla, suka zama aiki mai zaman kansa. Daga baya ya koma danna takardar alminiyam a kan farantan har ta ɗauki siffarsu.

Mutane da yawa sun lalata faranti kafin shi, sun kuma jefar. Abin da ya sa shi ya tsaya ya duba ɓarnar da idon mai neman wani abu, asalinsa yana Samaru, shekara goma kafin hatsarin.

A 1955 aka ɗauke sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya daga Ibadan aka kawo shi Zariya, a harabar Samaru da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, manhajar ma irin ta makarantun zane na Landan ce: a ajiye wa ɗalibi kwalba da 'ya'yan itace ya kwaikwaya, ya koyi yadda haske ke faɗuwa a jikin mutum, ya koyi yadda abin nesa ke ƙanƙancewa. Tarihin fasaha idan an zo gare shi, na Turai ne. Cikin malaman akwai 'yar ƙasa guda, Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano, amma tsarin ba a hannunta yake ba. Ya kamata a yi wa wannan horo adalci, domin ya ba ɗaliban hannu mai ƙarfi da ido mai auna abu daidai. Gibinsa shi ne bai taɓa tambayar yaron da ya taso daga ƙasar Ibo ko Agbarha-Otor irin zanen da ya gani a jikin bangon gidansu ba.

A watan Oktoban 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar da suka kira Zaria Art Society. Akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Simon Okeke da Yusuf Grillo da Oseloka Osadebe da Okechukwu Odita da shi Onobrakpeya, da wasu kaɗan. Daga baya aka laƙaba musu sunan 'yan tawayen Zariya, amma ba su fasa taga ba, ba su ƙaurace wa aji ba. Da rana suna yin aikin da malami ya ba su, su ci jarrabawa. Da yamma su haɗu su yi muhawara, lokacin hutu kowa ya koma garinsu da littafin zane, ya zauna wurin tsofaffi, ya kwafo abin da ke jikin bango da ƙofa da tukunya, ya rubuto tatsuniyoyi. A 1960, shekarar samun 'yancin kai, Uche Okeke ya rubuta manufar ƙungiyar, wadda ya kira Natural Synthesis: ɗalibi ya riƙe dabarar da ya koya a aji, ya haɗa ta da abin da ya gada, ba tare da ya zama ɗan amshin shatar Turai ko mai kwafar kakanni ido rufe ba. Ƙungiyar ba ta yi tsawon rai ba, ta watse a 1961 da jigoginta suka gama karatu.

Uche Okeke ya taso ne a Kafanchan, kuma abin da ya ɗauko daga gida layi ne. Matan Ibo suna da wani zane da ake kira uli, wanda suke yi a jikin mace da ruwan 'ya'yan wata itaciya, su ja shi da bakin 'yar wuƙa. Da farko ba ya nunawa sosai, sai ya kwana ya yi baƙi, bayan kamar mako guda ya goge. Mai yin uli ba ta da damar gyara. Idan ta ɗora wuƙa sai ta kai layin ƙarshensa da ja ɗaya, ta san inda za ta murɗa shi, ta san inda za ta bar fata fili. Okeke ya ɗauki wannan tarbiyyar hannu ya kai ta kan takarda da alƙalami da tawada. A jerin zanen da ya yi a 1962 mai suna Oja Suite, fuskokin mutane da ciyayi duk daga layi ɗaya mai lanƙwasa suke fitowa, babu inuwa, babu cika wuri. An kuma fitar da wani bugun Things Fall Apart na Chinua Achebe mai ɗauke da zanensa. Da ya karɓi sashen zane na jami'ar Nsukka bayan yaƙin basasa, sai ya sa ɗalibai su ma su fita neman uli a ƙauyuka.

Demas Nwoko shi ƙasa ya bi. Gumakan yumɓu na Nok, waɗanda aka tono a kudancin Kaduna, su suka ja hankalinsa, har ya gina wa kansa matoya a Ibadan yana gwada yadda zai sami irin launin da wuta ta ba su. Daga yumɓu ya gangara gini da jar ƙasa da ɗan siminti, ya gina cocin Dominican a Ibadan, kuma a 2023 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a bikin baje kolin gine-gine na Benis. Onobrakpeya kuwa tun yana sabon fita ya yi wa littafin Cyprian Ekwensi, An African Night's Entertainment, hotuna a 1962. Mai karatun Hausa zai gane labarin da ke cikin wannan littafi, domin ya yi kama ƙwarai da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East.

Yau duk ɗalibin da ya shiga sashen zane, a Samaru ko a kwalejojin ilimi na Kano da Zariya da sauransu, zai haɗu da darasin da waɗancan suka yi wa kansu da yamma, sai dai yanzu a cikin manhaja yake. Kashi ɗaya shi ne gwajin sawun hannu. Malami zai ce a ajiye fensir, a nemo duk abin da zai iya barin alama a kan takarda: tsinken tsintsiya, gashin kaza, soso, tsohon buroshin haƙori, bakin kwali, yatsa. A ja layi da sauri, a ja a hankali, a danna, a sassauta, a ɗiga, a watsa, a kankare. Takarda ashirin za ta iya ƙarewa ba a zana ko kofi ba, kuma ɗalibai da yawa suna ganin ɓata lokaci ne. Amfaninsa yana bayyana ne daga baya, ranar da ɗalibi zai zana kaushin bangon ƙasa ko laushin gashin tunkiya, ya tarar hannunsa ya riga ya san motsi goma inda da ɗaya ya sani. Kashi na biyu shi ne gauraya kaya a aiki guda, gawayi da fenti, tawada da kaki, yadi da yashi da takardar jarida.

Littattafan da ake koyar da wannan darasi da su suna fara tarihinsa daga Faris. A 1912 Pablo Picasso ya manna wani yankin leda mai hoton saƙar kujera a jikin zanensa, ya zagaye shi da igiya, abokinsa Georges Braque kuma ya fara manna takardar bango a cikin zanen gawayi. A 1925 Max Ernst ya shimfiɗa takarda a kan tsohon daɓen katako ya goga fensir, jijiyoyin katakon suka fito, ya mai da su dazuzzuka da tsuntsaye. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya kamata ɗalibi ya sani. Amma ɗalibin Samaru da zai hau mota ya shiga birnin Zariya zai tarar da wani tarihin a tsaye, wanda ya girmi na Faris.

A duba abin da magini yake yi kafin ya taɓa fuskar gida. Daga karofi ake kwaso katsi, wato laka mai kauri da ke taruwa a gindin rijiyar rini bayan baba da toka sun gama aiki. A busar da shi, a ƙona, a daka. A je majema a kwaso gashin da aka kankare daga fata. A sassaƙo dafara a jiƙa ta har ruwan ya yi yauƙi. Waɗannan uku idan aka kwaɓa su ne laso, wanda ake shafe rufin soro da bango da shi ruwan sama ya zame ya wuce. Kowane ɗaya da aikinsa: katsi shi ne jiki, gashi yana hana tsagewa, dafara tana ɗaurewa. Ga kuma makuba daga kwasfar ɗorawa, mai ba bango launin ja mai duhu tana kuma ƙara masa ƙarfi, ga farar ƙasa don haske. Sharar marina da sharar majema sun haɗu sun zama kayan aikin magini, kuma babu wanda ya kai ga wannan haɗi sai da gwaji, wani ya tsage, wani ya zube, har aka dace.

Sannan a zo ga zanen kansa. Tun yaɓen yana ɗanye magini ke bin sa da hannu, yana tara ƙasa a inda layi zai taso, yana shafe gefensa da yatsa, domin idan ya bushe magana ta ƙare. Da siminti ya shigo sai aka koma tsaga zanen da bakin ƙarfe kafin ya kama, a bi shi da fenti mai sheƙi. Dagi yana nan, takobi yana nan, amma maginan Zariya na tsakiyar ƙarnin da ya wuce ba su tsaya nan ba, sun sa keke da mota da jirgin sama da agogo a fuskar gidajen attajirai. Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya ɗaga kai ya ga bakan gizo da zanen da ke jikin ginshiƙai, ya san cewa mai wannan aiki ya fahimci yadda haske ke kwanciya a kan tudu da kwari fiye da yawancin masu digiri.

Haka abin yake a zauren alaramma. Tawadar allo gawayi ce da ƙaro, an yi ta ne don ta wanku. Wadda za a rubuta Alƙur'ani da ita a takarda kuwa dole ta zauna, don haka ake nemo bagaruwa da ƙarfe, waɗanda haɗuwarsu ke ba da baƙin da ba ya gogewa. Alƙalamin kara ne, kuma yadda aka fere bakinsa shi ke yanke kaurin harafi. Mai zayyana yana ƙara ja da rawaya da kore, ya cika allon sauka da murabba'ai da da'irori ba tare da ya zana ko ƙuda ba. Baduku yana da karan dafi don ja, yana da kuloko don baƙi, yana fere saman fata ya ɓare don farin ciki ya fito. Mai gyaran ƙwarya yana sa wuƙa a wuta ya ƙona zanensa. Shi kuwa ƙaron nan da almajiri ke jiƙawa, shi ne dai wanda ake lodawa daga Yobe da Borno da Jigawa da Sudan zuwa Turai, inda ake ɗaure fentin ruwa da shi, a zuba a 'yan kwalaye, a dawo da shi kantin da ɗalibi zai saya da tsada.

Wani Bature, David Heathcote, wanda ya koyar da tarihin fasaha a Samaru, ya shafe shekaru yana bin masu ɗinkin aska takwas da sauran masu sana'ar hannu, har ya shirya baje kolin fasahar Hausa a Landan a 1976. Abin da ke da ciwo shi ne, cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 1958 babu Bahaushe ko ɗaya. A garin Hausawa aka yi muhawarar komawa ga abin gida, kowa ya tafi ya ɗebo na garinsu, na masu masaukin kuwa ya daɗe yana jiran mai ɗauka.

Misalin da ya fi kusa da Bahaushe daga Sudan ya zo. Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne. Ya tafi makarantar Slade a Landan a shekarun 1950, ya dawo da hannu irin na Turawa, ya baje zanensa a Khartum, mutanen gari suka ƙi kula shi. Maimakon ya zarge su da jahilci, sai ya shiga duba abin da suke ratayewa a ɗakunansu, ya ga rubutun ayoyi ne da adon fata da na tabarma. Ya koma ga harafin da ya koya a gaban mahaifinsa, ya riƙa jan wutsiyarsa yana buɗe cikinsa, har siffofi suka fara fitowa daga tsakanin haruffa. Babban aikinsa na farkon shekarun 1960 a kan damuriyya ya yi shi, farin saƙin hannu na Sudan, da fentin mai gauraye da fentin da ake shafa wa ƙofa. A wannan lokacin ne aka nuna aikinsa a kulob ɗin Mbari na Ibadan, inda su Okeke da Nwoko ke kai da kawowa. A 1975 gwamnatin Numeiri ta tsare shi a kurkukun Kober wata shida ba shari'a. A can ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana yana zane a kai da guntun fensir, idan ya ji tafiyar gandiroba ya binne su cikin yashi. Ɗabi'ar fara zane daga ɗan ƙaramin yanki a bar shi ya yaɗu gefe-gefe, wadda ya ci gaba da ita bayan fitowarsa, daga nan ta samo asali. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya yi masa baje kolin aikin rayuwarsa.

A Samaru ma gwajin bai mutu ba. Gani Odutokun, wanda aka haifa a Nsawam ta Gana a 1946, ya gama karatu a jami'ar a 1975 ya zauna yana koyarwa. Shi yakan tsinka fentin mai har ya zama ruwa, ya kwantar da ƙyallen zane a ƙasa, ya zuba, ya karkata shi fentin ya gangara inda ya ga dama. Sai ya tsaya ya duba abin da ya samu, ya ɗauki buroshi ya fito da abin da ya hango a ciki, ya bar sauran yadda yake. Rabin aikin na sa'a ne, rabi na shawara, kuma haka ya koyar da ɗalibansa. Ya rasu a hatsarin mota a 1995, kuma baje kolin da aka yi don tunawa da shi a Landan a 2000 sunansa Accident and Design. Wanda ya shirya shi, Jacob Jari, shi ma malami ne a sashen, an kuma san shi da yanka karan hatsi ƙanana yana jera su su zama hoto.

Akwai dalilin aljihu a cikin wannan, bai kamata a ɓoye shi ba. Bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar naira ta faɗi, fenti da buroshi da takardar da ake shigowa da su daga waje suka fi ƙarfin ɗalibi, wani lokaci har da malaminsa. Rashi ya tura mutane bola da gona da kasuwar 'yan gwangwan. El Anatsui, ɗan Gana da ya koma Nsukka a 1975, ya fara ne da faifan katako na 'yan kasuwa yana ƙona musu alamomin adinkra da ƙarfe mai zafi, kusan yadda mai ƙwarya ke yi. Daga baya ya koma murafun kwalabe, ana baje su ana huda su ana ɗinke su da wayar tagulla, har su zama wani abu mai kama da ƙaton mayafi da ke rufe bangon bene. A 2015 aka ba shi Zakin Zinariya a Benis.

Nasarar irin su Anatsui ta haifar da wata cuta a ɗakunan zane. Ɗalibi ya ga an yi suna da murfin kwalba, sai ya kwaso ledar ruwa da tsohon silifa ya manna a katako, ya rubuta dogon bayani game da gurɓatar muhalli, ya miƙa. Wannan ba gwaji ba ne, domin bai tambayi kayan komai ba. Anatsui ya yi shekaru yana koyon yadda ɗan gwangwanin nan ke lanƙwasa, inda yake karyewa, yadda dubu ɗaya daga cikinsu ke ɗaukar haske idan sun haɗu. Onobrakpeya ya gane darajar farantin da ya lalace ne saboda ya riga ya buga masu kyau da yawa, ya san abin da layin asid ke iya yi da abin da ba ya iyawa.

Kayan ma suna da dokokinsu, ba ruwansu da bayanin da aka rubuta. Fentin mai yana zama a kan fentin ruwa, amma na ruwa idan aka ɗora shi a kan mai sai ya ɓare. Kaki yana korar tawada, shi ya sa layin da aka ja da kyandir ke fitowa fari idan aka bi ta kansa da ruwan launi. Takardar jarida tana yin ja ta ruɓe cikin 'yan shekaru. Man inji yana cin takarda. Gara ba ta san aikin fasaha ba, idan ta sami kara ko kwali da aka manna da kunun rogo sai ta gama da shi a damina ɗaya. A hunturu fentin roba yana bushewa a bakin buroshi kafin ya isa ƙyalle, gawayin da ba a fesa masa abin riƙewa ba kuma iska ce ke kwashe shi. Asid da gam mai ƙarfi da hayaƙin ƙona roba suna illa ga huhu da ido, kuma ɗakunan zane da yawa ba su da isasshiyar iska. Ɗalibin kirki yana da littafin da yake manna kowane gwaji, ya rubuta abin da ya haɗa da yawansa da ranar, ya koma bayan wata uku ya ga wanne ya tsage, wanne ya koɗe. Abin da magini ke riƙewa a ka ya gadar wa ɗansa, shi a rubuce zai riƙe shi.

Saura maganar da ke hana yaran Hausawa da yawa shiga wannan fanni tun farko. Iyaye suna ƙyamar zanen abu mai rai saboda dalilin addini, kuma a tunanin mutane da yawa karatun zane bai wuce zana mutum da sassaƙa gunki ba. Damuwar ta gaskiya ce, ba a kuma warware ta da raini. Amma darasin sawun hannu da gauraya kaya ba ya buƙatar fuska ko ɗaya. Mai zayyana da mai ɗinkin riga da magini sun yi ɗaruruwan shekaru suna aiki da layi da launi da kaushi da santsi a tsakiyar garuruwan malamai, ba wanda ya ɗaga musu yatsa. Yarinyar da ta iya zanen lalle ta riga ta san abin da Okeke ya je nema wurin masu uli: ja ɗaya, ba gyara, a san inda za a bar fili. Kuma fannin yana da abinci a cikinsa, daga tsara atamfa da tambarin kamfani zuwa bangon littafi da adon ɗakin fim.

Onobrakpeya, da ya ga abin da zama da juna ya yi musu a Samaru, ya buɗe taron bita na Harmattan a garinsu a 1998, inda mai digiri da wanda bai taɓa shiga aji ba suke aiki a tebur ɗaya. Arewa ba ta rasa waɗanda za a gayyata irin wannan zama ba, sai dai suna ƙarewa. Siminti da bulo sun kusa kashe laso, gidajen zane na Zariya da Kano ana rushe su ɗaya bayan ɗaya, rijiyoyin karofi da yawa sun zama juji. Sassan koyar da zane na jami'o'i da kwalejojin Arewa su ɗauko maginan da suka rage da masu zayyana da dukawa, su shigo da su aji a matsayin malamai, su biya su kamar yadda ake biyan kowane malamin wucin gadi, tun waɗanda suka san awon katsi da dafara suna da rai.